Asabar a Computer Village: Windows da Ubuntu a faifai ɗaya

Babban aikin yau a shagonmu na Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Legas, shi ne laftop ɗin wani ɗalibi daga Agege, HP mai SSD 512GB. Yana son Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, a gefen Windows 11 saboda karatunsa.

Ban taɓa faifan ba sai da muka kwashe fayilolinsa zuwa wani faifai na waje, ya kuma rubuta makullin BitLocker (tsarin Windows na kulle bayanan faifai) mai lambobi 48 a takarda. Ina nacewa a kan wannan domin ƙaramin sauyi a BIOS, saitin da kwamfuta ke fara tashi da shi, ya isa Windows ta nemi makullin, in babu shi kuwa komai ya tafi. Daga nan na kashe BitLocker ɗin, na kashe Fast Startup (tsarin saurin tashin Windows), don shi yana barin ɓangaren Windows a kulle, Linux ya kasa rubutu a ciki.

Rage fili daga cikin Windows ake yi, ta Disk Management. Faifan 512GB yana nuna kusan 476GB, ba wanda ya ci sauran, bambancin lissafi ne. Na zaɓi C, na danna Shrink Volume, na rubuta 153600, wato 150GB, na bar gurbin haka nan babu fomat. Idan ta ƙi ba da filin da ake so, yawanci fayilolin Windows irin su hiberfil.sys ko pagefile ne suka tsaya a hanya.

Na sa Ubuntu a filashin 8GB da manhajar Rufus, tsarin GPT da UEFI (salon rabon faifai da na tashin kwamfuta), daidai da na Windows ɗin. In aka saɓa, ɗayansu ba zai fito a GRUB, jerin da ake zaɓar Windows ko Ubuntu wajen tashi, ba. Caja a jone, batir cike, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar rabon faifai ba ƙaramar asara ba ce. Na danna F9 wajen kunna laftop ɗin, na zaɓi filashin, sai ya tashi.

Wajen rabon da hannu ne ake taka-tsantsan. Gurbin 150GB ya zama ext4, fomat ɗin Linux, a kan /, wato tushen Ubuntu. Ƙaramin ɓangaren EFI mai FAT32 kuwa, na ɗora shi a /boot/efi ban yi masa fomat ba, nan ne fayilolin tashin Windows suke. Ban ware swap (filin faifai mai taimaka wa RAM) ba, Ubuntu na yin nasa a fayil.

Duka biyun sun tashi, sai dai agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya, domin Linux na ajiye agogon kwamfutar a lokacin UTC (ma'aunin lokaci na duniya), Windows kuma ta ɗauke shi a matsayin lokacin gida, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa guda. Na gyara a Ubuntu da umarnin timedatectl set-local-rtc 1 kafin la'asar.