Littafin ya iso, amma Dogo ya riga ni

Yau dai ya iso, sabon littafin labarin da za mu buga a wasanmu na tebur, irin wanda kowane ɗan wasa ke riƙe jarumi ɗaya a cikin labari. Wajen ƙarfe 11 na safe mai kawo saƙo ya bugo waya, na fita na karɓo kwalin, kusurwa ɗaya ta ɗan lotsa amma littafin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Kun san tun ranar da suka buɗe oda na sa sunana. Fayil ɗin karantawa a waya sun turo mana ta imel sati uku da suka wuce, ni kuwa na sauke shi na ƙi buɗewa, don na riga na ƙudurta a takarda zan fara ganinsa. Yanzu fayil ɗin kowa na iya saye a intanet cikin minti biyu, na takardan ne sai an jira, kuma in bugun farko ya ƙare sai irin wanda ake buga maka kwafi ɗaya in ka nema.

Na share teburin wasa na baje shi. Wallahi daɗi kamar me. Kana buɗe bango taswirar taurari ce ta tare ka, irin ta saƙar zuman nan, gida 8 a kwance 10 a tsaye, kowane gida fasek ɗaya, wato tafiyar haske ta shekara uku da 'yan watanni. Duk wanda ya taɓa zama teburinmu ya san daga ina tsarin ya fito, wasan Traveller ne, wanda Marc Miller ya fitar a Amurka a 1977, shekara uku bayan Dungeons & Dragons, 'yan ƙananan baƙaƙen littattafai uku a cikin kwali. Marubucin wannan bai kauce daga layin ba, in jaruminka zai gwada wani abu sai ka jefa dayis biyu masu fuska shida, ka samu 8 ko sama ka ci.

Abin da ya fi burge ni a farkon shi ne yadda ya yi amfani da tsohuwar dokar nan, cewa tsallen kumbo daga tauraro zuwa tauraro sati guda yake ci ko kusa ne ko nesa, kuma babu wani saƙo da ya fi kumbo sauri. To an ba 'yan wasa aikin kai kayan gyara wata tashar mai da ke kewaya wata ƙatuwar duniyar iska, bashin kumbonsu na shekara 40 yana wuyansu saboda haka ba su da bakin cewa a'a, kuma duk labarin da suke da shi a kan tashar ya kwana biyu kafin ma su tashi. Suna isa su tarar fitilu a kunne, injina na aiki, an kira an kira ba mai amsawa. Nan zan tsaya, Auta, ɗaya daga cikin 'yan wasanmu, tana karanta abin da nake rubutawa.

Akwai abin da ban so ba. Bayanan da rafali, wato mai jan ragamar labarin, ni ke nan a teburinmu, zai karanta wa 'yan wasa da baki sun yi tsawo, wani sai ya ci rabin shafi, kuma na san kafin in kai tsakiya Injiniya ya ɗauki waya. Rubutun ƙanana ne a kan toka-toka. Zanen tashar na wuri guda, bayanin ɗakunan sai ka juya shafi kusan goma, ga shi babu jerin neman suna a ƙarshe. Duk da haka zanen nan na ɗauki lokaci ina kallonsa, har hanyar bututun iska an fitar, an san dole wani zai ce shi ta nan zai bi.

Sai na ɗauki hoton bangon na tura gurup na ce a shirya Asabar. Ko minti biyar ba a yi ba Dogo, shi ma ɗan wasanmu ne, ya kira.

Ya ce, "Oga rafali, sai yau? Ai ni na gama shi tun makon jiya."

Na ce ka gama me?

"Littafin mana. Na sayi fayil ɗin. Kai, babi na uku sai Auta ta tashi daga kujera, wanda ya rubuta ya iya mugunta."

Na yi shiru. Na ce Dogo, har sashen rafali ka karanta? An fa rubuta ɓaro-ɓaro a shafi na biyu in kai ɗan wasa ne ka tsaya nan. Ya yi dariya ya ce ya gani, ya kasa ne. Wai in kwantar da hankalina zai yi kamar bai sani ba, kuma ai sani ba ya juya dayis. Har da yi min lissafi, wai haɗuwa 36 ce in ka jefa dayis biyu, 15 ne kawai ke kai 8 ko sama, saboda haka ko ya haddace littafin kaf sau da yawa faɗuwa zai yi. Na ce lissafinka daidai ne amma ba a jifa matsalar take ba, a zaɓi take. Akwai ƙofa a tashar nan da duk wasan ya rataya a kan ko a buɗe ta ko a bar ta, kai ka san abin da ke bayanta. In ka ce a buɗe ƙarya kake, in ka ce kar a buɗe ka tona, in ka yi shiru kuma Injiniya zai gane, don kai ba ka taɓa shiru a bakin ƙofa ba.

Da a nan muka tsaya da yanzu na manta. Amma sai muryarsa ta canza, ya daina dariya, ya ce min, "Ɗan'uwa, bari in faɗa maka gaskiya. Kai kaɗai ke cin moriyar littattafan nan. Wancan da muka yi wata huɗu muna bugawa, da na ara bayan mun gama na ga ko rabinsa ba mu taɓa ba. Akwai gari guda da mutanensa da rigimarsu, mun bi ta kansa mun wuce don mai ya kusa ƙare mana, ba wanda ya ce mana ga abin da muka bari. Ni ma ina son abin nan kamar yadda kake sonsa."

Ban ba shi amsa ba. Na ce za mu yi magana, na kashe.

Tun ɗazu maganar ke cina. Don gaskiya ya faɗa, garin nan na tuna shi, na yi dare biyu ina shirya shi, har murya na ƙirƙiro wa matar da ke riƙe da tashar sauka, ba su sauka ba na ninke takardun na ajiye ban ce wa kowa komai ba. A ganina haka aikin yake, rafali ya shirya goma a taɓa uku, kuma sauran bakwai ɗin su ke sa ukun su yi nauyi, don 'yan wasa suna ji a jikinsu cewa duniyar ta fi abin da suka gani faɗi. Ban taɓa zama na kalle shi ta inda Dogo yake zaune ba, cewa shi ragowar kawai ake miƙo masa alhali ga littafin can cike a hannun wani. A da dole ce ta sa a haƙura, kwafi ɗaya ne kuma yana jakar rafali. Yanzu ranar da ya fito ranar yake shiga wayar duk mai so, abin da ya rage tsakanin ɗan wasa da sirrin kawai wannan layi ɗaya ne na shafi na biyu, da kuma amana.

Kuma duk da na fahimce shi raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Sati uku fayil ɗin nan yana wayata ina danne zuciya. Abin da nake ɗoki tun farko ba ma karatun ba ne, fuskokinsu ne su huɗu lokacin da ƙofar za ta buɗe, Dogo musamman, shi da yake dafe kai da hannu biyu. Wannan ya tafi, ba a maido shi.

Yaya ta shigo ta same ni zaune da littafin a rufe ta ce lafiya? Na ba ta labari a taƙaice. Ta ce to ka canza ƙarshen mana. Na ce na yi tunanin haka, amma marubucin tun shafin farko yake binne alamu, a cikin jerin kayan da aka ba su, a cikin sunayen ma'aikata, har a lambobin ɗakuna, in na canza abin da ke bayan ƙofar duk waɗannan sun tashi a banza, kuma su ne ainihin kyan littafin. Ta ɗaga kafaɗa ta fita.

Injiniya ya turo wai ko zai iya dawo da tsohon jaruminsa, matuƙin nan. Eh. Auta tana son likita wannan karon. Dayis ɗaya ja ya ɓace, na duba ƙarƙashin kujera babu. Firinta ba tawada, takardun jarumai sai gobe.

Da dare na sake buɗewa na ƙarasa babi na uku, kuma wallahi Dogo bai yi ƙarya ba, ni kaina sai da na ajiye littafin na miƙe. A can kusa da ƙarshe na ci karo da wani abu, akwai wani wakilin kamfanin da ke bin kumbon a matsayin fasinja, an rubuta shi don rafali ya riƙa yi masa magana, kuma shi tun kafin a tashi ya san abin da ya faru a tashar, aikinsa ya hana kowa ganewa har sai an sauke kayan. Na daɗe ina kallon shafin. In na miƙa wa Dogo mutumin nan ba sai ya yi ƙaryar rashin sani ba, sanin ma shi ne wasansa. Sai dai zai zauna tebur ɗaya da su Auta yana yaudararsu zama uku ko huɗu, kuma ban san yadda za su ɗauka ba ranar da asiri ya tonu, mu ba mu taɓa yin irin wannan ba. Ban kuma tabbata ko gyara nake ba ko lada nake ba shi a kan abin da ya ɓata min rai.

Ƙarfe 12 saura na tura masa saƙo, na ce ka tuna fasinjan nan wakilin kamfani? Na ga ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa. Har yanzu bai turo ba.