Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Kakana da Littafinsa

A makon jiya na tsaya a inda mahaifiyata ta kai ni Garwa, a ƙasar Kamaru, ina shekara shida, ta bar ni a hannun iyayenta a unguwar Yelwa. Yau kan Kaka zan tsaya, domin duk abin da nake rubuta muku da Hausa, a gefen tabarmarsa na koya.

Kaka mutumin Numan ne, can Adamawar Najeriya, inda mishan 'yan Danmak suka kafa tasha tun 1913. A can aka yi masa baftisma yana saurayi. Kogin Binuwai ne ya kawo shi Kamaru. A zamaninsu jiragen ruwa kan hau har Garwa da damina, idan kogi ya cika, su sauke gishiri da siminti, su kwashi auduga da gyaɗa. Ya zo yin dako na damina ɗaya, sai ya ga kakata, shi ke nan zama ya kama shi. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya sayi keken ɗinki, ya kafa shi a zaure.

Ban taɓa riga shi tashi ba. Da ladanin masallacin unguwa ya kira sallar asuba, sai ka ji ƙarar ashana daga ɗakinsa. Ya kan ce ladan ya tashi kowa, har da shi. Ya kunna fitilar ƙwai, ya durƙusa, ya yi ta jero sunaye a gaban Ubangiji: 'ya'yansa, jikoki, fasto, maƙwabcinmu Alhaji mai ciwon ƙafa, har da wani da ya ci masa kuɗin ɗinki ya gudu. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana ba ni haushi.

Littafi Mai Tsarkinsa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932. Bangon ya mutu tuntuni, sai ya ɗinka masa riga da ragowar yadin kaki, da ɗan maɓalli a gefe. Gefen takardun ya yi baƙi saboda yatsa, musamman wajen Zabura. Ni kuwa a makaranta Faransanci ake koya mana, a kasuwa da wurin wasa Fulatanci, Hausa sai a gida, ita ma a baki kawai. Wata safiya ya jawo ni ya ce, "Amaryata, zo ki karanta wa mijinki, idona ya fara yi mini rowa." Kakata daga madafa ta ce kishiya dai ba ta iya komai ba sai cin tuwo.

Na sa yatsa na fara. A tsohon rubutun ana sa "ch" inda yau muke sa "c", ni kuma malaminmu ya koya mana "ch" ana faɗinsa "sh". Sai na karanta "chikin" na ce "shikin". Bai yi dariya ba, bai tsawata ba. Ya kama yatsana da nasa mai kanta, ya mayar da shi kan kalmar, ya ce, "Ciki. Kamar cikinki da kika cika da kunu." Haka muka yi ta yi, aya ɗaya kowace asuba, har na haɗa Zabura ta 23 ba tuntuɓe. Ranar ya saya mini ƙosai na sefa ashirin da biyar, ni kaɗai.

Da yamma kuma rediyo. Yakan murɗa ta a hankali har ya kamo Muryar Bishara, shirin da ake haɗawa a Jos a watsa daga Addis Ababa. Da gwamnatin sojan Habasha ta karɓe tashar a 1977, ya yi kwanaki yana murɗawa a daidai lokacin, yana jin shuuu kawai, sannan ya kashe ya ɗauko littafin waƙoƙi muka rera da kanmu.

Abin da unguwa ta fi saninsa da shi shi ne alkawari. Kowa ya san halin teloli idan Sallah ta gabato. Kaka kuwa yakan ƙirga abin da zai iya gamawa, daga nan ko za ka ninka kuɗi ba zai karɓi yadinka ba. Ran Lahadi keke a rufe yake da zane, ko da gobe Sallah. Duk da haka Musulmin unguwa layi suke yi tun farkon azumi, don sun san ranar da ya faɗa, ranar ce. Naman layya kuwa har ya yi mana yawa, mu ma da Kirsimeti ni ake ɗora wa kwanon shinkafa in bi gida gida.

Ina aji biyar idonsa ya rufe gaba ɗaya. Ranar da ya kasa zura zare a allura, ya daɗe zaune da shi a hannu, sannan ya kira ni ya ce in rufe keken, in ɗauko Littafin. Daga ranar karatun asuba ya dawo wuyana. Yadda muka yi da ciwon nasa, da tafiyarmu asibiti a Ngaundare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.