Darussan da na koya a makarantar tuƙa allo da iska

Kayan wasan tuƙa allo da iska a kan ruwa ba su da yawa: allo mai shawagi, doguwar sanda ɗauke da ƙyallen kama iska, sai mariƙin da ya kewaye ƙyallen. Sandar ba a kafe take ba, an haɗa ta da allon ne da wata gaɓa mai juyawa ta kowace fuska, kuma gaɓar nan ce ginshiƙin ƙirar da Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka nemi rajistar mallakarta a Amurka a 1968. Sai da na yi aikin taya malamai a wata makarantar koyar da wasan a Dahab, bakin Bahar Maliya a Masar, na gane cewa tun da sandar ba ta tsayuwa da kanta, mai hawa shi ne madogararta.

Nan ne ƙarfi yake yaudarar mutane. Ƙato zai sunkuya ya finciko igiyar ɗaga ƙyallen da ƙarfin damtse, kafin a jima bayansa ya ƙage, tafin hannunsa ya yi ja, ya faɗa ruwa. Wanda ya saurari malami kuwa yakan ba iska baya, ya sa ƙafafunsa gefe da gefen gindin sandar, ya lanƙwasa gwiwa, ya jingina baya a hankali har ruwan da ya kwanta a kan ƙyallen ya tsiyaye, nauyin jikinsa ya ƙarasa aikin. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji cewa Robby Naish, wani Ba'amurke, yana ɗan shekara 13 ya zama zakaran duniya a wasan a 1976.

Allon ba shi da sitiyari. Idan ka karkata ƙyallen baya, hancin allon zai nufi inda iska ke fitowa. Idan ka karkata shi gaba, zai kauce mata. Ba a iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai a riƙa yanka ta a karkace, dama da hagu, kuma a ganina malamin da ya bar ɗalibi ya ji daɗin gudu kafin ya iya wannan juyi bai yi masa adalci ba.

Abin da aka fi tsananta mana a kai shi ne duba alkiblar iska kafin a fito da kaya. Iskar da ke tasowa daga tudu zuwa teku tana kwantar da ruwan bakin gaɓa har ya yi kyan gani, amma ita ce ke kwashe sabon shiga ta yi nisa da shi, ga gajiya, ga rashin iya dawowa. A irin wannan rana ba a sakin ɗalibi sai kwalekwalen ceto yana kan ruwa da injinsa a kunne.