Kafin Ka Danna Rikoda A Gaban Kakanka

Ran Juma'a da la'asar na tarar da ɗan maƙwabtanmu zaune a zaure gaban kakansa, ya miƙe hannu da waya yana ɗaukarsa. Fanka na kaɗawa a sama, injin markaɗe na ruri a waje. Tsohon Basakkwace ne, majemi, yana bayanin yadda ake jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a kankare, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa kafin a kai ga karan dafi. Shi kuwa yaron duk bayan jimla biyu sai ya katse shi, ya juyo da wayar fuskarsa ya fassara da Turanci. Na ce, "Ɗana, ita muryar Baba ina za ka ajiye ta?" Ya ce ai yankewa zai yi ya bar kaɗan, don masu kallo ba sa gane irin wannan Hausar. Abin da yake shirin yi da waya, ni na riga shi yi da kaset.

Babbar wautata ita ce taƙaitawa. Sai in ɗauki tsoho na minti casa'in, in dawo in saurara, in rubuta shafi biyu na Turanci a littafi, sannan in sake ɗaukar wani a kan kaset ɗin. Ina da hujja, kuma har yau ban ce hujjar banza ce ba: kaset da batir kuɗi ne, waɗanda za su karanta aikin Turanci suke nema, mu kuma mun tashi a makarantun da ake cin tarar yaro in ya yi harshen gida a aji. Amma fassara ma'ana kawai take riƙewa. Ba ta riƙe karin murya, ba ta riƙe inda tsoho ya ja wasali, ba ta riƙe sunayen kayan sana'a, waɗanda Turanci ke tattara biyar ya kira su da kalma ɗaya. Yau in na buɗe littafin na ga an rubuta cewa tsoho ya yi amfani da wuƙa, ba ni da hanyar sanin wace wuƙar ya ambata, ko da wane suna.

Inda ma na rubuta da Hausa, sai na yi wata ɓarnar da na ɗauka gyara ce. Tsoho ya ce "tahi", in rubuta "tafi". Ya ce "gidanai", in mayar "gidansa". Ya ce "ɗiyata", in sa "'yata". Haka na riƙa wanke Sakkwatanci da Katsinanci ina mayar da su daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan Kananci. To, haka aka koya mana, kuma ba don daidaitawar ba da jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a 1939, ba ta karantu ko'ina ba. Sai dai daidaitawa ta marubuci ce, mai tattara magana ba shi da hurumin taɓa bakin wani. Ko Bature Bargery, a ƙamusunsa na Hausa na 1934, yakan nuna cewa wannan kalmar ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina. Baƙo ya kiyaye, ni ɗan gida na share.

Ga kuma lanƙwasa. Keken rubutun da na samu ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, kuma na yi kasalar bi da biro. A lokacin na san abin da nake nufi. Bayan shekaru sai ka ga "baki" ka rasa bakin magana ne ko baƙin launi, ka ga "kafa" ka rasa ko ƙafa ce. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda jimla kan warware. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo suke fita iri ɗaya, haka kukan yaro da kukar miya. Ga kalmar da kowa ya sani ba matsala. Amma kalmar sana'a da ba ta cikin ƙamus, in muryar ta tafi, babu mai iya gaya maka yadda ake furta ta.

Kaset ɗin da suka tsira daga sharewa kuwa ajiya ta kashe su. Kwali ne a kan durowa, ƙarƙashin rufin kwano. Zafin bazara ya sa zaren ya manne, damina ta kawo fumfuna, hunturu ya cika su da ƙura. Masu tsawon minti 120 su suka fara tafiya, don zarensu ya fi siriri, rediyo na kamawa yake cukurkuɗe shi. Waɗanda suka yi magana ma, rabinsu ba rubutu a jiki. Murya ce ta wani dattijo, ba suna, ba gari, ba shekara.

Wanda ya fi ci mini rai daban ne. Mun iya kuka cewa Turanci na cinye Hausa, mun manta Hausa ma ci take yi. Harsunan Auyo da Teshena a ƙasar Jigawa ta yau, da na Shira, sun shuɗe, Ajanci a ƙasar Bauchi ya bi su, masu shi suka koma Hausa. Na zauna da tsofaffin da ke da wani ƙaramin harshe nasu, suna farawa da shi in ce su yi da Hausa don in gane. Su kuma don kara sai su yi. Zan iya cewa ba ni da tafinta, kuma gaskiya ne. Amma rikoda ba ta buƙatar tafinta, da na bar ta ta ɗauka, da wani jikansu ya fassara daga baya.

Na yi niyyar ba ku shawara goma, na ga ba za ku karanta ba, ku da bidiyo in ya wuce minti ɗaya kun gaji.

Ku bar tsoho ya yi magana, ku rufe bakinku. Kada ku tsaya tambayar "me ake kiran kaza", jerin kalmomi ba harshe ba ne. Ku ce ya nuna yadda ake aikin, ko ku kawo sa'ansa su yi hira. A kashe fanka, a nisanci janareta, a rufe layin waya kada kira ya yanke ɗauka. Wayar a ajiye ta a kan matashi, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsa, ba a hannu ba, don motsin yatsa na shiga. A ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, in manhajar ta yarda. Awa ɗaya ta murya a layi guda kan ci megabait 350 ko kusa da haka, wanda bai kai bidiyon rawar da kuka cika waya da shi ba. Kuma kafin komai, ku faɗi kwanan wata da gari da sunan mai magana da kimanin shekarunsa a cikin ɗaukar, shi ma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda, da wanda ya yarda ya ji. Akwai sirrin sana'a da maganar gida da ba na Facebook ba ne.

Kada ku ajiye ta hanyar saƙon murya na WhatsApp, matse sauti yake yi, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka fizge ta shi ke nan. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a memori a wani gidan, ɗaya a intanet. Na asalin ba a yanka shi, a kan kwafi ake aiki. Sannan a rubuta maganar yadda ta fito tun tsohon na da rai, a koma a tambaye shi inda ba a gane ba. Aikin da cin rai, minti biyar na magana kan cinye yamma guda. Akwai manhajar ELAN, kyauta ce, tana jera rubutu daidai da sauti. Madannin Hausa kuma yana cikin Gboard, manhajar rubutu a waya ta Google, saboda haka wanda ya rubuto mini "kasa" yana nufin ƙasa ba shi da uzurin da ni na samu. Fassarar Turanci a sa ta a ƙasa in ana so, ban hana ba, ita ce ma za ta kawo muku masu kallo.

Duk da haka, in zan faɗi gaskiya, wani lokacin ku ajiye wayar gaba ɗaya. Na san yanzu na ce ku ɗauki komai. Amma harshen da ke cikin memori kawai gawa ce da aka yi wa sutura mai kyau. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kowace 21 ga Fabrairu kuma ana taron ranar harshen uwa, duk ba su ne za su sa kalmar majemi a bakin yaro ba. Ku da kuke gaida kakanninku da Ingausa, ku ce wai ba ku iya ƙirga kuɗi da Hausa ba, zama za ku yi ku sa hannu a ruwan bagaruwar, ya kira abu ku maimaita, ya yi muku dariya ya gyara.

Shi dai yaron na karɓi wayarsa na duba. Ɗaukar minti arba'in ce, ƙarar fanka ta danne kusan rabi. Mun yi da shi ranar Asabar da hantsi zai sake, lokacin da ba wuta kuma mai markaɗe bai buɗe ba, ni zan kawo matashin.