Manya biyu, ko a fasa

Kafin a damƙa mana yara a ƙungiyar sa-kai, sai da aka zaunar da mu horo kan kare su daga cin zarafi. Dokar farko ita ce ta manya biyu: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, a ɗaki ne, a mota ne, ko a waya. In magana ce ta sirri, ku koma gefe inda wani babba yake hango ku. In saƙo ne, saka iyayensa a ciki. Yaro kuwa, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, ko da ya fi ka tsawo.

Wani dattijo ya ɓata rai, wai ana zarginsa bayan shekarun da ya yi yana hidima. Ni dai ban ga zargi ba. Galibin masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani, iyaye kuma suka amince da su. Irin wannan mutum ba ya gaggawa. Shi ne mai zuwa da wuri, mai rage wa yara hanya, wanda kowa ke sa wa albarka. Sannu a hankali sai ya ware ɗaya, ga 'yar kyauta, ga "tsakanina da kai, kada kowa ya ji". Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma tasa ba ta nuna komai. Dokar da za ta tsallake amintattu, ai shi za ta fara tsallakewa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne lokacin da yaro ya ce, "Malam, zan faɗa maka wani abu, amma ka yi alkawari." Baki yana son ya ce na yi. Ba a yi. Ka gaya masa za ka sanar da wanda zai taimaka kaɗai, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ka zaro ido, kada ka sa masa magana a baki da "wane ne ya taɓa ka, ko?", domin hakan na iya ɓata shaidarsa gaban hukuma. Kada kuma ka tunkari wanda ya ambata, komai tafasar zuciya. Ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ka kai wa jami'in kare yara na ƙungiya a ranar.