Gahawar Safe: A Haɗa a Gida ko a Tsaya Teburin Mai Shayi?

Duk wanda ya saba buɗe safiyarsa da gahawa a garin Gombe yana da hanyoyi uku a gabansa. Ko dai ya tsaya a teburin mai shayi, irin waɗanda ake samu a bakin titi daga Jekadafari har Pantami, a haɗa masa ya biya, ko ya shiga otal a kawo masa a kan faranti, ko kuwa ya sayi kayan haɗi ya ajiye a gida. Kusan kowa zai ce ta gida ta fi araha, kuma idan kofi ɗaya ake gwadawa da kofi ɗaya, ni ma ban musa ba. Inda na sha bamban da jama'a shi ne a kan abin da ke cinye kuɗin, domin yawancinmu gahawar muke ɗora wa laifin tsada, alhali madara da yawan bakunan da ke jiran buta su ne ke yanke hukunci.

Ita kanta gahawar lissafinta ba shi da wuya. Irin mai narkewa nan take, wadda Nescafé ya fi shahara a cikinta a kasuwanninmu, kimanin giram 2 ake zubawa a kofi guda, wato cokalin shayi ɗaya a cike. Ke nan ƙaramin gwangwani mai giram 50 zai ba da kofi 25, kwalba mai giram 200 kuma ta ba da kofi 100, sai mutum ya raba kuɗin da ya biya da wannan adadi ya ga nawa kofi ɗaya ya tsaya masa. Yana da kyau a riƙa duba nauyin da aka rubuta a jikin kaya kafin a saya, saboda zaton da muke yi cewa babban mazubi kullum ya fi sauƙi ba ya tabbata a kowane lokaci. Sau da yawa wani kaso na kuɗin na gwangwanin ne ko na kwalbar, kuma wanda ya shiga babbar kasuwa ya sayi jerin ƙananan leda gaba ɗaya a hannun 'yan sari yakan fi wanda ya ɗauko kwalba mai ƙyalli a babban kanti samun rahusa. Wanda ya fi kowa biya shi ne mai aiken yaro shagon unguwa kullum ya sayo leda ɗaya, domin a kan kowace leda akwai ribar mai shago.

Haɗin nan da ake sayarwa a leda guda, mai ɗauke da gahawa da sukari da abin da ke tsayawa a madadin madara, ya cancanci a juya bayansa a karanta. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma sukari ne ke kan gaba, gahawar kuwa sai an gangaro ƙasa. Yana da amfani ga matafiyi da mai gadin dare, amma wanda ya mai da shi abin shan kullum a cikin gidansa sukari yake saye da farashin gahawa.

Wutar tafasa ruwa ita ce na fi jin ana kuka da ita, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a lissafin. Tafasa kwatan lita na ruwa, wato cikin kofi ɗaya, yana cin kimanin kashi 1 cikin 40 na yunit guda na lantarki. Ko da an yi lissafi da naira 225 a kan kowane yunit, farashin da aka sanya wa masu rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, a watan Afrilun 2024, abin bai wuce naira 6 ba. Gas ma haka yake, domin kilo ɗaya, ko da rabin zafinsa yana bin iska ta gefen tukunya, zai tafasa ruwan kofi fiye da 250. Asara tana shigowa ne idan aka cika buta mai lita ɗaya da rabi saboda mutum ɗaya, aka bar sauran ya huce, sannan aka sake tafasa shi da rana. Abin da ya fi kuɗin damun mutane a nan shi ne samuwar wutar. Butar lantarki takan ja wat 2,000 ko kusa da haka, ƙaramin janaretan gida kuwa ba ya ɗaukar ta, kuma mutanen Gombe ba su manta da shekarar 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos aka kwashe makonni a cikin duhu. Idan babu wuta kuma gas ya ƙare, sai a koma ga gawayi, kuma hura gawayi don kofi ɗaya ɓarna ce da mai shayi ba ya yi, tunda shi sau ɗaya yake hurawa ya shayar da layi guda.

Madara ce uwar tsada. Mu a nan ba mu cika shan gahawa baƙa ba, mun fi son haɗi mai kauri wanda zai zauna a ciki har azahar. Ga cokalin shayi ɗaya na gahawa, mutum yakan zuba manyan cokula biyu ko uku na madarar gari, wanda nauyinsu zai kai giram 20 ko fiye. Gaskiya ne giram ɗaya na gahawa ya fi giram ɗaya na madara tsada, amma idan nauyin madarar ya ninka na gahawar sau goma, babu yadda za a yi gahawar ta zama ita ce babban kaso. Madarar ruwa ta gwangwani kuwa tana da tata matsalar daban. Da zarar an huda ta, a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, kuma babu firji mai aiki, ba ta kwana lafiya. Mutum ɗaya ba zai shanye gwangwani a zama ɗaya ba, don haka ko dai ya zuba fiye da bukatarsa don kada ta lalace, ko ya zubar da ita washegari, kuma dukansu biyun kuɗi ne.

Wani abin takaici shi ne Gombe jiha ce ta shanu, amma madarar da muke zubawa a kofi yawancinta daga garin madarar da aka shigo da shi daga ƙasashen waje aka yi ta. Abin da ya fi samuwa a hannun matan Fulani da ke shigowa gari nono ne da kindirmo, su kuwa idan suka haɗu da ruwan zafi sai su tsinke, don haka ba su da amfani a wannan haɗin. Wanda yake da wadda ke kawo masa sabuwar tatsa da sassafe, ya tafasa ta, ya samu sauƙin da sauranmu ba mu samu ba. Sukari ma kusan haka labarinsa yake: ga kamfanin sukari na Dangote, wanda a da ake kira Savannah, a Numan, a kan hanyarmu ta zuwa Yola, amma mafi yawan wanda ake sha a ƙasar nan ɗanyensa daga Birazil ake kawo shi a tace a Legas.

Wannan ne ya sa kofin gahawa yake bin dala sau da ƙafa. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya daga Legas da Kano ya tashi, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. A daidai wannan lokaci fari ya taɓa gonaki a Birazil da Biyetnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman gahawa, har farashin irin arabika ya haura dala 4 a kan nauyin fam guda, wato kusan rabin kilo, a kasuwar New York a watan Fabrairun 2025, abin da bai taɓa faruwa ba. Tashin ya shafi mai haɗawa a gida da mai shayi baki ɗaya. Bambancin shi ne kai a gida kana ganin sabon farashi ƙiri-ƙiri ranar da ka je saye, shi kuwa mai shayi yakan fara rage cokali kafin ya ƙara kuɗi, saboda ya san abokan cinikinsa sun fi lura da kuɗi a kan kauri.

Sai dai duk lissafin da na yi a sama na mutum ɗaya ne, kuma a gidajenmu ba a dafa kofi ɗaya. Idan buta ta tafasa, uwargida za ta sha, yara za su miƙo kofunansu a haɗa musu shayi kafin makaranta, baƙon da ya kwana yana da haƙƙi, wanda ya yi sallama a zaure ma ba a bari ya tafi haka. Gahawar takan daɗe, domin ba kowa ke son ɗacinta ba, amma madara da sukari na kowa ne. Su ne ke shiga kunu da koko, su ne maƙwabciya ke aiko yarinya a sam mata kaɗan saboda ta yi baƙi. Ledar madarar da aka ƙiyasta za ta kai ƙarshen wata sai ka ji tun a tsakiyarsa an ce, "Malam, madarar nan fa ta ƙare." Ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, tunda iyali ne suka sha, kuma ciyar da su wajibi ne. Amma mai gidan da ya ce ya daina zuwa wurin mai shayi don ya yi tanadi, ya sani cewa kuɗin ya tashi ne daga aljihun gaban riga ya koma cikin cefane, kuma yakan koma da ƙari.

Teburin mai shayi kuwa yana da nasa tsarin da ya sa yake iya sayarwa da sauƙi ya kuma ci riba. Tukunyarsa tana kan wuta tun bayan asuba, kayansa a sari ya sayo su, gwangwanin madara idan ya huda shi ta gefe biyu ba ya minti goma bai ƙare ba. Zai tambaye ka, "Yallaɓai, ta ruwa ko ta gari?" sannan ya yage leda da haƙori, ya zuba, ya ɗaga kofi ɗaya sama ya riƙa tsiyayo haɗin cikin ɗayan har ya yi kumfa ya huce daidai sha. A cikin abin da ka biya akwai gawayinsa, da ruwan da ya saya a hannun masu kura, da kuɗin wuri, da ladan yaron da ke wanke kofuna, da ribarsa. Idan da a nan abin ya tsaya, da tazarar da ke tsakaninsa da gida ba ta kai yadda ake zato ba. Amma da wuya mutum ya zauna a bencin nan ƙamshin ƙwai yana tashi daga kasko ya tashi da gahawa kaɗai. Za a yanko burodi, za a fasa ƙwai biyu, abokin aiki zai iso ka ce a haɗa masa a kanka, gobe shi ma ya rama ko kada ya rama. Ga kuma littafin bashi, wanda yake sa mutum ya sha ba tare da ya ji zafin biya ba sai ranar albashi.

A ɗauka, don misali kawai, mutum yana barin naira 500 a teburin kowace safiya. A wata ya zama 15,000, a shekara kuwa ya haura 180,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, ke nan wannan ɗan zaman na safe ya ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na albashin ƙaramin ma'aikaci. Na otal ba sai an daɗe a kansa ba, domin a can kuɗin dizal da na'urar sanyaya ɗaki da kujerar da ka zauna kake biya, kuma wanda ya je ya san abin da ya kai shi.

Akwai wata hanya da ba mu cika waiwaya ba, wato gahawar da ake dafawa daga 'ya'yanta. Ana noman arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, inda cibiyar binciken koko ta ƙasa take da reshe, sai dai abin da ake nomawa kaɗan ne, kuma ba kasafai yake isowa kantunanmu ba. Ita wannan kimanin giram 15 take bukata a kofi, don haka ledar giram 250 ba ta wuce kofi 16 ko 17, kuma a kan haka za a ce ta fi mai narkewa tsada. Amma ba ta bukatar inji, wanda sai an daɗe ana sha kafin ya mayar da kuɗinsa, kuma ba ya aiki sai da wuta. Ƙaramin turmi da tukunya da mataci sun isa. Idan aka dafa ta da citta da kanumfari aka sha a ƙananan kofuna, kamar yadda alhazanmu suka gani a Makka da Madina, madara ta fita daga lissafi gaba ɗaya, kuma da fitarta babban kason kuɗin ya fita.

Ga gwauro ko ɗalibin da ke haya a Tumfure ko Tudun Wada, wanda ba shi da firji ba shi da tukunyar gas, ban ga laifin tsayawa wurin mai shayi ba, muddin zai iya shan kofinsa a tsaye ya wuce kafin a fasa ƙwai. Ni da nake da iyali, na koma tafasa ruwa sau ɗaya da asuba a zuba a filas, in haɗa tawa baƙa da sukari kaɗan, madarar kuwa a bar wa yara. Ranar Asabar nakan je teburin unguwarmu in zauna da 'yan majalisa, kuma abin da na kashe a can a shafin zumunci nake rubuta shi.