Tsakiyar sulusi da rabi a kan tef ɗin awo

Shagon ɗinkina yana Agege, ba nisa da layin dogo. Wata Laraba 'yar autata ta dawo daga makaranta da aikin gida: a nemo adadin da ke daidai tsakiyar 1/3 da 1/2. Ina kan keke, aikin biki ya sha mini kai, na ce mata ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ya ba da 2/5. Washegari ta dawo da jan biro a littafinta, idonta ya yi rau-rau. "Baba, malama ta ce yana tsakaninsu, amma ba shi ne tsakiyar ba."

Abin ya tsaya mini a rai, don ni na sa ta. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa tef a kan teburin yanka. "Uwata, zo ki riƙe nan." Yadi ɗaya inci 36 ne. Sulusinsa 12, rabinsa 18. Na ɗiga alli a wuraren biyu, ta bi da yatsa tana ƙirgawa, tsakiya ta faɗa kan 15. Inci 15 cikin 36 kuwa 5/12 ne. To 2/5 ɗin da na ba ta fa? Inci 14.4 ne, ya gaza da fiye da rabin inci. Duk wanda ya taɓa ɗinka wuyan kaftani ya san rabin inci yana iya ɓata aiki.

Sai muka koma takarda. Hanyar ita ce a haɗa biyun a raba biyu. Amma kafin a haɗa sai na ƙasa sun zama ɗaya: 1/3 ya koma 2/6, 1/2 ya koma 3/6. Jimla 5/6, rabinta 5/12. Daidai da abin da tef ya nuna.

A daren na gano abin da ya ruɗe ni. Idan na ƙasa iri ɗaya ne, dabarata tana ci: 1/4 da 3/4 su ba da 4/8, wato rabi. Da zarar sun bambanta, sai amsar ta karkata wajen mai babban ƙasa, shi ya sa 2/5 ya fi kusa da sulusi.

Ina naɗe tef ta tare ni. "Baba, tsakanin 5/12 da rabi fa?" Ta lissafa da kanta ta samu 11/24, muka duba: inci 16 da rabi, allin ya zauna daram.